Tunkiyata da Injin Kawu

A garinmu, da zarar ruwan shuka ya sauka, sai a ɗaure dabbobi. Gonakinmu a manne suke da juna, daga bayan katangar gida gero yake farawa, babu wani fili da za a nuna a ce na kiwo ne. Akuyar da ta kwance ta shiga gonar maƙwabci, sai a kai kaka ana maganarta. Don haka tun daga shuka har girbi kowace dabba tana turke, abincinta kuma yana wuyan yaran gida.

A gidanmu ni ce mai wannan aikin. Yayyena mata sun yi aure, ƙannena kuma ba su isa riƙe lauje ba. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, kuma ban cika magana ba. Ko a aji malami ya kira ni, amsar tana bakina, amma sai ta tsaya a maƙogwaro har ya gaji ya wuce kan wata.

Tunkiya ɗaya gare mu, kuma tawa ce. Fara ce, da baƙi a kunnen hagu. Kakata ta wajen uwa ce ta bar mini ita kafin ta rasu, saboda sunanta aka sa mini. A daminar da nake ba da labarinta, tunkiyar tana da 'yar ƙaramar 'ya mace da ke bin ta tana tsotso. Tana da wata ɗabi'a idan ta ji yunwa: sai ta yi ta zagaya turke, igiya tana naɗewa, har wuyanta ya manne da icen, sannan ta tsaya tana kuka sai an zo an warware ta. Ina zaune a aji, ina kwafar darasi daga allo, amma a raina ina lissafin inda igiyar ta kai. Ana tashi nake rigan kowa fita.

Shekarun nan sun yi wa kowa tsanani. Mai ya yi tsada, komai ya bi shi. Dusar da a da maƙwabta ke ba mu kyauta idan sun yi surfe, sai ta zama abin awo a kwano, daga baya ma masu ita suka daina fitar da ita. Ciyawa kuma ta fara ɓata. Gonakin bakin hanya, ta wajen Bacirawa, an yanka su fuloti-fuloti, inda nake yankan harƙiya bara sai in tarar an sauke yashi da bulo. Waɗanda ba su sayar ba kuma sun koma feshi, don kuɗin 'yan noma ya fi ƙarfinsu, kuma mai feshi ba ya tsayawa a iyakar gonarsa, har gefen hanya yake bi. Na koyi gane ciyawar da aka fesa tun kafin ta yi ja. Bakin ganyenta yakan ɗan lanƙwashe, kuma idan ka taka cikinta babu farar da za ta tashi. Nakan yi tafiya mai nisa in dawo da rabin buhu.

Wata rana da yamma Baba ya tsaya a turke, ya ɗora hannu a gadon bayan tunkiyar, ya bi ƙashin da yatsunsa tun daga kafaɗa har gindin wutsiya.

Ya ce, "Idan ta ƙara faɗawa, kasuwa za ta. Gara a sayar da ita da sauran namanta."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya wanke hannu ya tafi masallaci. Ni kuwa na zauna a kan turmi, na tashi, na sake zama.

Gidan Kawu ne ya cece mu a farkon wannan daminar. Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana tuƙa manyan ma'aikatan gwamnati a garuruwa masu nisa, da ya yi ritaya sai ya dawo ya gina gida a gonarsa ta gado, a bakin gari. Gidan ba wani babba ba ne, amma ya bar fili gaba da baya, ya kewaye da katanga, ya sa tankin ruwa a bayan ɗakuna. A wannan filin ne ya yi abin da aka daɗe ana dariyarsa. Ya je birni ya sayo kiri-kiri a buhu, ciyawar da manomi ya fi tsana, wadda za ka cire yau gobe ta ɓullo ta wani wajen, ya dasa ta layi-layi kamar albasa, har yana ba ta ruwa da rani.

Idan ya zo majalisa sai a ce, "Alhaji, ya amfanin gona? Buhu nawa ake sa rai bana?"

Shi kuma ya ce, "Ku dai ba ku san abincin ido ba. Komai sai wanda za a tura a ciki."

Inna ce ta je ta same shi. Ina bayanta, ina wasa da bakin hijabina.

Ta ce, "Yaya, wannan gonar taka idan ta yi tsawo wa yake yanke maka?"

Ya ce, "Wa kuwa? Bayana ba ya sunkuyo."

"To ga mai lauje na kawo maka."

Ya leƙo ya dube ni. Kawu bai taɓa kiran sunana ba, tunda na mahaifiyarsa ne. Ya ce, "Uwata ce da kanta? Ai gidanki ne. Ki yanka duk yadda kike so."

Haka na fara. Kullum bayan na dawo daga makaranta, kafin lokacin Islamiyya, sai in ɗauki buhu da lauje. Na fara daga lungun ƙofa. Ina yanka har buhu ya cika, in tsaya a nan. Washegari in ɗora daga inda na tsaya. Ban tsara komai ba, buhun ne yake gaya mini inda zan tsaya. Ina bi a hankali har in zagaya bayan ɗakuna, in wuce tanki, in fito ta ɗaya gefen, kuma kafin in dawo lungun ƙofa ta sake tofowa ta kai tsawon tafin hannu. Na san filin nan kamar tsakar gidanmu. Na san inda magina suka bar gutsattsarin bulo a ƙarƙashin ciyawa, da inda ƙananan kwaɗi ke ɓuya kusa da tanki, da wani wuri mai laushi inda kakata ke zuba taki lokacin da wurin yake gona, nan ciyawar ta fi duhu.

Tunkiya ta daina naɗe igiya. Cikinta ya fito, nononta ya cika, 'yar ta fara tsalle-tsalle a tsakar gida tana ture kwanuka. Baba ya daina tsayawa a turke.

Sai dai filin Kawu bai yi kyan gani ba. Nan gajere, can dogo, can tsaka-tsaki, ga shatin lauje kamar rabin wata a ko'ina. Ban taɓa lura ba, don ni a tsugune nake ganinsa. Ranar da na lura, wani tsohon abokin aikin Kawu ne ya zo daga birni a mota. Ina bayan tanki ina cusa ciyawa a buhu na ji ya ce, "Alhaji, wane wanzami ne ya yi wa filin nan aski? Ko yaron ne yake ta motsi?"

Kawu ya yi dariya sosai. Amma bayan ya raka baƙon ya dawo, sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannayensa a baya, ya daɗe yana kallon filin. Na ɗauki buhuna na bi ta gefen katanga na fita, ban yi masa sallama ba.

'Yar Kawu ce ta kawo mini labarin. Ta girme ni da shekaru, tana karatun jinya a birni, ta zo hutu. Ni da ita taubasai ne, 'yar mace da 'yar namiji, don haka duk abin da ta ga dama tana iya faɗa mini, ni ma haka, in da ina da bakin. Ba mu taɓa daidaitawa a kan wace ce baiwar wata ba, amma tunda ita ce mai magana, kullum ni ce.

Ta shigo gidanmu tana cin gyaɗa, ta ce, "Baiwata, an sallame ki daga aiki. Baba zai sayi inji."

Na ce, "Injin me?"

"Au, ashe kina magana? Injin yankan ciyawa mana. Ki rataye laujenki, ki huta."

Na taɓa ganin irin injin nan sau ɗaya, ranar da na raka Inna asibiti a birni. Wani mutum ne yake yawo da shi a harabar, dogon ƙarfe mai kai a ƙasa, yana ƙara kamar babur. Abin da na riƙe shi ne ƙafafun wandonsa. Sun yi kore shar har gwiwa, kuma inda ya wuce babu ciyawar da ta faɗi a ƙasa. Ta zama gari ta bi iska.

Tun daga ranar na rasa sukuni. A aji sai in ga ina zana da'ira a bayan littafi, ina ta zagayawa har biro ya huda takardar. A gida in fara wanke-wanke in bari, in je turke, in dawo. Na gwada gaya wa Inna muna tsince shinkafa.

Ta ce, "Yaya ya yi mana alheri. Ba za mu koma muna koya masa yadda zai yi da gidansa ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Mutane suna ajiye babura saboda mai, shi kuma zai sayo abin da zai sha mai don ciyawa. Haka yake tun muna yara."

Ranar wata Asabar bayan la'asar, mai sayar da injuna ya zo a adaidaita. Sanin Kawu ne, a wajensa ya sayi injin da ke tura ruwa tanki. Ya sauke kwali biyu dogaye, ya ce a gwada a gani kafin a yi ciniki. Kafin ya gama haɗa su maƙwabta sun taru, har da waɗanda ke dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa. Ni ina can jikin katanga da buhuna, ban yanka ba, ban tafi ba.

Mutumin ya ɗaga na farko da hannu ɗaya. Ya ce, "Alhaji, wannan mai igiya ne. Ka ga 'yar igiyar robar nan? Ita ce take juyawa ta yanka. Shi ne na gida. Ba shi da nauyi, yana shiga lungu, ko ya taɓa katanga ba abin da zai yi." Ya ajiye, ya ɗaga na biyu da hannu biyu. A kansa akwai faifan ƙarfe mai haƙora uku. "Wannan kuma na daji ne. Masu gona ke saya. Har ƙananan itatuwa yana sarewa. Amma yana da nauyi, ya fi tsada, kuma idan ya daki dutse harbo shi yake yi."

Wani dattijo maƙwabcin Kawu ya ce, "Wanne ne yake noma gero? Shi za mu karɓa aro."

Aka yi dariya. Mai injin ya zuba fetur da ya gauraya da baƙin mai, ya ja igiyar tayarwa, mai igiya ya kama. Yara suka toshe kunne. Ya bi gefen hanyar shiga da shi, yana kaɗa shi dama da hagu, kuma gaskiya inda ya wuce ya yi sumul kamar an shimfiɗa darduma. Na ga fuskar Kawu ta saki. Ya karɓa ya gwada da kansa, yana tafiya a hankali, yana murmushi.

Sannan aka tayar da mai faifai. Muryarsa ta fi kauri. Mutumin ya ce kowa ya ja da baya, ya rataya maɗaurin a kafaɗa, ya bi wurin da ya fi tsawo. Ciyawar ta riƙa kwantawa gefe guda, dogo-dogo, kamar yankan lauje.

Da suka koma gefe suna magana, sai na lallaɓa wajen da mai igiya ya yanka. Na tsuguna na shafa ƙasa da tafin hannu. Abin da na tattaro bai cika hannuna ba, kuma rabinsa yashi ne. Ina cikin murza shi na ji muryar taubashiyata daga baranda, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Baba, dubi baiwata tana tara garin kuka! Miya za ki kaɗa wa tunkiyar da shi?"

Duk mazan suka juyo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙe, hannuna a dunƙule, na rasa inda zan sa idona.

Kawu ya ce, "Uwata, zo nan."

Na matsa.

"Buɗe hannun."

Na buɗe. Ya duba, ya waiwaya ya dubi ciyawar da mai faifai ya kwantar.

Ya ce, "To wanne tunkiyar take so?"

Na nuna mai faifai da yatsa, na yi sauri na mayar da hannun cikin hijabi.

Mai injin ya ce, "Alhaji, ni ɗan kasuwa ne, wanda ya fi tsada nake so ka ɗauka. Amma tsakani da Allah wannan ba na filinka ba ne. Ka tuna kafaɗarka ce za ta ɗauki nauyinsa."

Kawu ya ce, "Tunkiyar mahaifiyata ce. Mayar da ɗayan kwali."

Dattijon nan ya tafa hannu ya ce, "Yau mun ga abu. Tunkiya ta zaɓi inji!"

Ranar da gudu na koma gida, buhu cike a kaina. Har na ba Inna labarin da bakina, tun daga farko har ƙarshe, tana ta kallona.

Ranar Litinin da na dawo daga makaranta na je gidan Kawu, sai na tsaya a ƙofa. Ya yanke filin duka, gaba da baya, a safiya ɗaya. Ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa ganinsa haka ba. A jikin katanga kuma ga tarin ciyawa ya kai ƙuguna. Kawu yana zaune a baranda da rigar shan iska, gumi bai gama bushe masa ba.

Ya ce, "Ga kayanki nan. Yau ba buhu ba, amalanke za ki nemo."

Amalanken kuwa aka aro. Inna ta aika wa maƙwabta, kowa ya ɗiba, duk da haka tarin da ya rage ya cika lungun rumbu. Tunkiya ta ci har ta kwanta tana nishi. Na yi ta zagaya tarin ina jin kamar mun yi girbi.

Washegari da safe na tura hannu cikinsa don in ɗebo, sai na ji zafi kamar na taɓa tuwon da aka kwashe yanzu. Na baje shi a tsakar gida kafin in tafi makaranta. Muna darasi na biyu hadari ya haɗo, na zauna ina kallon ruwa ta taga. Tsakiyar damina ce, rana ba ta yini a waje. Na baje, na tattara, na sake bajewa a zaure har Baba ya rasa wurin ajiye kekensa. Kafin mako ya zagayo ciyawar ta yi baƙi, farar fumfuna ta fito mata, tana wari mai tsami. Na kai wa tunkiya, ta shinshina, ta kau da kai. Ƙarshenta a kan juji aka zuba, ta zama taki.

Na koma gidan Kawu da lauje. Na tsuguna, na kama ciyawa da hannun hagu yadda na saba, babu abin kamawa. Ko'ina tsawonta ɗaya, bai kai gaɓar yatsa ba. Na zagaya har bayan tanki, haka. Kuma Kawu ya riga ya ɗanɗana ganin filinsa sumul, don haka da ta ɗan ɗago sai ya sake bi. Abin da faifan ke zubarwa yanzu guntaye ne, a ci yini biyu, na uku ya ɗau zafi, sannan a zauna jiran wani yankan.

A nan na gane ba a kan igiya ko faifai maganar take ba. Tunkiya kullum take ci, shi kuma inji rana ɗaya yake gamawa. Rashin kyan da baƙon Kawu ya yi wa dariya, shi ne abincinta na gobe da jibi a tsaye. Amma da wane baki zan koma? Saboda ni ya ɗauki mai nauyin. Na ga yadda yake tafiya kafaɗarsa ɗaya a karkace. Faifan ya daki ɗaya daga gutsattsarin bulon nan da na sani, ya harba shi ya fasa gilashin tagar falo, aka toshe da kwali. Ranar da na tarar da taubashiyata tana shafa masa man zafi, ta ɗago ta ce, "Ga mai zaɓe nan ta zo duba aikinta." Wasa take yi, amma ban iya haɗiye shi ba.

Na koma yawon gefen hanya. Ina wuce fulotai, ina wuce gonakin da aka fesa, ina taka ciyawa ina duban ko fara za ta tashi. Wasu ranakun har ƙauyen gaba nake kaiwa, in dawo an tashi daga Islamiyya. Tunkiya ta koma naɗe igiya. Nononta ya ja baya, 'yar tana ta dukan hantsar da kai, uwar tana matsawa. Ko ina cin abinci idan na ji kukanta sai in ajiye.

Baba ya sake tsayawa a turke. Wannan karon bai daɗe yana shafawa ba.

Ya ce, "Kasuwa mai zuwa. Da ita da 'yar, a haɗe sun fi daraja."

Na tafi neman taubashiyata don ta yi mini bakin, ko da za ta haɗa da zagi. Aka ce hutu ya ƙare, ta koma birni tun jiya.

Ranar Asabar da safe ina shara na jiyo injin daga gidanmu. Na ci gaba da shara. Na kai ƙofar zaure na dawo. Na ɗauki hijabi na ajiye. Da na ji ƙarar ta fara nisa, na san ya gama gaba ya nufi bayan ɗakuna, sai kawai na ga ina tafiya, ba buhu, ba lauje.

Na bi ta ɗaya gefen na riga shi isa wajen tanki. Na tsaya a tsakiyar ciyawar. Ya ɓullo ta lungu, kansa a ƙasa, yana kaɗa faifan, sai da ya matso ya ga ƙafafuna. Ya yi sauri ya kashe. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsoratar da ni.

Ya ce, "Subhanallahi! Uwata, so kike in yanke miki ƙafa?"

Na ce, "Kawu, a bar mini nan."

Muryar ba ta fita sosai ba. Ya cire maɗaurin, ya jingine injin da tanki, ya dafa kafaɗarsa.

"Me kika ce?"

"A bar mini nan. Kar a yanka."

"Ba ina tara miki ba? Ko wani yana ɗebewa?"

"Ruɓewa take yi."

Na ga bai gane ba, kuma kalmomin sun ƙare mini. Sai na taka zuwa jikin katanga, na shata wani ɗan wuri da ƙafa, na ce, "Nan yau." Na matsa gaba, na shata wani. "Nan gobe." Na sake matsawa. "Nan jibi." Na yi ta tafiya haka ina zagaya tankin, ban ɗago ba, har na dawo inda na fara. Na ce, "Kafin in dawo nan ta tofo."

Kawu ya bi wuraren da na shata da ido. Sannan ya fara dariya a hankali, yana girgiza kai.

Ya ce, "Ashe wanzamin ya san abin da yake yi." Ya daina dariyar. "To me ya hana ki faɗa ranar da mai injin ya zo?"

Na ce, "Ni ma ban sani ba sai da ta ruɓe." Sannan na ƙara da cewa, "Baba zai kai tunkiyar da 'yarta kasuwa."

Ya zauna a kan bulon da aka ɗora tankin. Ya dubi injin, ya dubi filin bayan, ya daɗe.

Ya ce, "Daga lungun nan zuwa katanga naki ne. Ba zan ƙara shigo da shi nan ba, ki yi masa askin da kika ga dama. Amma gaban ki bar mini, Uwata. Shekara da shekaru ina zaune a mota a ƙofar gidajen mutane, ina jiran su fito, ina kallon irin wannan fili ta gilashi."

Na ce, "To, Kawu. Na gode."

Da yamma Baba ya zo ya gani. Suka gaisa da Kawu, suka yi maganar ruwa da tsadar taki, sannan ya zagaya baya shi kaɗai, ni ina biye. Ya tsaya a lungu, ya auna wurin da ido, ya tsuguna ya tsinki ciyawar ya duba saiwarta.

Ya ce, "Baki ɗaya zai riƙe, ba biyu ba." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Dabbarki ce. Ki zaɓa."

Na koma gida na zauna kusa da turke har aka kira magariba. Uwar ta tsufa, haƙoranta sun fara zubewa, kuma cinta ya ninka na 'yar. Na san amsar tun muna bayan tanki. Na dudduba 'yar ko zan ga wani abu na uwar a jikinta, ko ɗigon baƙi a kunne. Babu, fara ce fat.

Ranar kasuwa Baba ya kwance uwar da sassafe. Ta bi shi ba gardama, ta ɗauka kiwo za a kai ta. A bakin titi za su hau motar kasuwa. Ni na sa kayan makaranta na bi ta wata hanyar.

Da na dawo tun daga zaure na jiyo 'yar, muryarta ta dishe. An ɗaure ta a turken uwar, ta zagaya ta zagaya har wuyanta ya manne da icen. Na ajiye jaka, na juya ta baya-baya har igiyar ta warware. Na ɗauki lauje da buhu.

A gidan Kawu na tarar yana gaba da injinsa, kafaɗa a karkace, kwalin yana nan a tagar falo. Ya ɗaga mini hannu bai kashe ba. Na wuce baya, na tsuguna a jikin katanga inda na ce nan yau. Ciyawar ta ɗan ɗago, ta isa kamawa. Na yanka har buhu ya kai rabi, na tsaya a nan.